Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da Hawwa'u ta haifi ɗanta na fari, kuma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta tarar ana yi a rugarsu da ke bayan Wurma, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga Gogo, yayar mijinta. Saboda haka in magana ta kama dole sai Hawwa'u ta ce "na Gogo", in ba ta kama ba ta ce "wancan". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa ce. Miji ya rasu, Gogo ta tsufa har idanunta suka tafi, saurayin ya zama shi ne namijin gidan, shi ke kora 'yan shanunsu. Amma a bakin Hawwa'u har yanzu wancan ne.

Abin ya faru ne shekara biyu kafin Turawa su miƙa mulki, bayan an gama yankan dawa, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Mazan rugar duk sun yi kudu da manyan garkuna, an bar mata da tsofaffi. Ranar Litinin da yamma shanu suka dawo su kaɗai. Hawwa'u tana wanke ƙwaryar tatsa ta ɗaga kai ta ƙirga su da ido, ta duba bayansu, ba kowa. Ba ta tambaya ba. Gogo ce, da ba ta gani, ta ce, "Ban ji heɗuwar da shike yi ma shanu da baki ba. Ina shike?"

Hawwa'u ta ajiye ƙwarya ta bi sawun shanu. Sawun ya kai ta gefen gonar audugar Ɗanmaraya, babban manomin nan da ke da gida mai katanga a ƙauyen kasuwa na kan hanyar Dutsin-Ma. A nan ta ga inda shanu suka shiga kunya huɗu ko biyar, ta ga sawun mutane da yawa, ta ga malfarsa a ƙasa an taka ta. Sandarsa tana gefe. Ga jini a kan auduga, ga kuma alamar an ja abu mai nauyi a ƙasa zuwa hanyar gari. Ta ɗauki malfar ta cusa cikin zane, ta koma gida kafin duhu, ba ta yi kuka ba.

Da sassafe ta ɗora ƙwaryar nono a ka, don mai nono ba a hana ta shiga gida. Ta tarar da Ɗanmaraya a zaure yana sakace. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce shanu sun koma jiya ba mai kora su.

"Shanunku sun ci mani auduga," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. "Shi ko da ya hango mutanena sai ya ruga daji. In ya koma ku ce ina nemanshi."

Ta shige cikin gida. Wata tsohuwa da ke yi musu daka, ana ce mata Inna, ta kira ta gefen turmi ta miƙo ƙoƙo kamar za ta sayi nono. Tana kallon ƙoƙon ta ce ƙasa-ƙasa, "Shina ɗakin auduga na baya, an sa kwaɗo. Da gatari suka same shi a ka. Sun ga jinin ya yi yawa, suna tsoron a gani. Jiya ya yi ta nishi. Yau nishin ya ragu."

Hawwa'u ta zuba mata nono har ya tumbatsa ya zube a ƙasa, ba ta sani ba.

A ƙauyen akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano inda 'yan doka biyu na En'e, wato hukumar gargajiya, ke zama ranar kasuwa da sauran ranaku in sun ga dama. Babbansu Kofur Sabitu, mai ƙaton bel da kulki da babban littafi mai baƙin bango. Duk ƙarar da ba ta shiga littafin nan ba, to kamar ba a yi laifin ba. Kofur ya san Hawwa'u sarai, ya sha furarta ya fi a ƙirga. Ya san ɗanta, ya san sunansa, ya san al'adar mutanen ruga kamar yunwar cikinsa. Kuma 'yar Ɗanmaraya yake aure.

"Ranka shi daɗe, ƙara na kawo," in ji ta daga bakin ƙofa.

"Ƙarar wa?"

"An sari wani yaro na wurinmu. An kulle shi gidan Ɗanmaraya."

Kofur ya buɗe littafin a hankali, ya tsoma alƙalami a tawada, ya riƙe shi a sama. "To, mi sunan yaron?"

Ta sunkuyar da kai. Sunan yana nan a maƙogwaronta, amma harshe ya ƙi ɗauka. Ga ɗan doka na biyu, ga wasu masu zaman banza a gindin bedi suna saurare.

"Na Gogo," ta ce.

"Na Gogo!" Kofur ya dubi abokinsa suka yi dariya. "Littahin hukuma ba shi ɗaukar na Gogo. Ƙasar ga Gogo nawa gare ta? Ke mi kike gare shi?"

"Na wurinmu ne."

"Na wurinku. To ba ki da hurumi. Ki tahi, uwarshi ko ubanshi wani shi zo shi hwaɗi sunanshi, sannan mu rubuta." Ya rufe littafin, ya goge bakin alƙalami a wandonsa.

Ni dai ban san irin muguntar da ta fi wannan ba, mutum ya ɗauki kunyar mace ya ɗaure ta da ita. Da ya zage ta ko ya kore ta da kulki, da ta san abin da za ta yi. Amma ya bar mata ƙofa a buɗe, ya san ba za ta iya shiga ba. Hawwa'u ta tsaya a rana tana jin haushin kanta fiye da haushinsa, sannan ta yi dabara irin ta wanda ruwa ya ci. Ta ce a ranta ai Gogo tana iya faɗar sunan.

Ranar Laraba ta aro jaki, ta ɗora tsohuwar, ta ja su har ƙauyen. Gogo ba ta jira an tambaye ta ba. Tun daga kan jaki ta faɗi sunan da ƙarfi har sau uku, ta faɗi sunan ubansa da na kakansa, ta ce ita ta goya shi. Hawwa'u ta juya baya tana gyara akumari.

Kofur bai ko buɗe littafin ba. "Gogo, ke da ba ki ganin tahin hannunki, mi kika gani? Wa ya sare shi gabanki? Mai gidan ya ce yaro ya ruga daji. In rubuta babban mutum cikin littahi kan maganar makauniya?"

Hawwa'u ta zaro malfar daga cikin zane ta ajiye a gabansa. Jinin ya bushe ya yi baƙi. Kofur ya ture ta da kan kulki ya ce mahauta ma suna sa malfa.

A hanyar komawa Gogo ta yi ta kuka tana tsine wa Kofur da surukinsa. Hawwa'u tana gaba da igiyar jaki. Sai yanzu ta gane cewa ko sunan ta faɗa jiya, da wata hujjar ya nemo. Amma wannan bai rage mata komai ba, don kwana biyu sun riga sun tafi, kuma maganar Inna ce kawai ke yi mata yawo a ka: yau nishin ya ragu.

Ranar Alhamis, tun kafin rana ta fito sosai, ta kama hanyar Dutsin-Ma a ƙafa. Ba ta da niyyar kotu, ba ta ma san ana iya zuwa ba. Abin da ta ƙudura shi ne ta roƙi maganin ciwo wurin Malam Kefas, malamin asibiti, ta kai wa Inna ko za ta iya tura shi ta ƙarƙashin ƙofa. Matar Kefas, Magdalina, ta daɗe tana sayen man shanu wurinta. Mutanen kudu ne, aiki ya kawo su, kuma Magdalina mace ce da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Tana ganin Hawwa'u ba ƙwarya a ka, ƙafafu furu-furu da ƙura, ta ajiye tsintsiya.

"Ƙawata, lafiya? Wa ya mutu?"

Hawwa'u ta ba ta labari a tsaye, da murya shiru-shiru kamar labarin wasu mutane take bayarwa. Wani yaro na wurinsu, gatari, ɗakin auduga, littafin da aka ƙi buɗewa.

Magdalina ta dube ta da kyau. "Wannan yaron, ba shi ne dogon nan da ke rako ki da tulun mai ba? Mai irin goshinki?"

Hawwa'u ta kau da kai.

"Kai, ku dai da al'adarku! Mu a garinmu da sunan ɗan fari ake kiran mace. Ni uwar Abraham ake ce mani, in ba a ce ba ma fushi nake yi." Ta ɗauko mayafi tana ɗaurawa. "Bar maganar magani ta ƙarƙashin ƙofa. Malam yana zuwa kotu ba da shaidar rauni, na san yadda ake yi. In ɗan doka ya ƙi rubutawa, ba shi ne ƙarshen duniya ba. Alƙali yana da nasa littafi, kuma kowa yana iya zuwa gabansa da bakinsa. In ya yarda, shi zai aika a buɗe ɗakin. Amma yau Alhamis, gobe ba a zama. Tashi mu tafi."

Kotun wani babban soro ne mai sanyi. Alƙali dattijo ne siriri mai tabarau, yana zaune a kan buzu, littattafai a gefensa, magatakarda a hagunsa. Maza sun cika ciki, mata suna durƙushe daga bakin ƙofa. Magdalina ta yi magana da masinjan kotu, ya ce su jira layi. Suka jira. Aka yi shari'ar iyakar gona, mutum biyu suka yi ta rantsuwa a kan wata tsamiya. Aka yi ta wani jaki da ya ciji ɗan maƙwabci. Hawwa'u tana kallon inuwar ƙofa tana matsowa, tana gajarta. A can gefe ga wasu dattawan Fulani uku daga wajen Barkiya da suka zo tasu shari'ar. Ba su san ta ba, amma irin mutanen nan ne da duk abin da suka ji yau, jibi ya gama rugage.

Sai da ladan ya kusa kiran azahar aka ce ta matso.

"Allah shi gafarta Malam," ta ce, kanta a ƙasa. Ta faɗi yadda shanu suka dawo, ta faɗi jini a auduga, ta ajiye malfar. Ta ce ta je wurin 'yan doka sau biyu an ƙi rubutawa. Ba ta ambaci Inna ba, don kada a kore ta daga dakan da take ci da shi. Ta ce dai ta ji daga cikin gidan.

Alƙali ya ɗaga malfar ya juya ta, ya shinshina. Fuskarsa ta sauya kaɗan. "Wa aka sara?"

"Wani yaro na wurinmu."

"Sunanshi?"

Ga shi kuma. Wuri ɗaya, rami ɗaya, ta sake zuwa bakinsa. Ta ji idanun dattawan Barkiya a bayan wuyanta.

"Na Gogo ake ce mashi."

"Ina Gogon?"

"Tana ruga. Ba ta gani."

"Ke mi ke tsakaninki da shi?"

Magdalina ta zungure ta da gwiwar hannu. Hawwa'u ta ce, "Gida guda muke."

Alƙali ya ajiye malfar ya yi ajiyar zuciya. Ba mugu ba ne, ya gaji ne, kuma tun safe mutane ke kawo masa maganganun da ba kai ba gindi. "Baiwar Allah, ki saurara. Ni ba ni aika mutane su hwasa ɗakin wani kan jita-jita da yaron da ba shi da suna. Takarda sai da suna. Maganar jini kuma mai haƙƙi ke kawo ta, uba ko uwa ko ɗan'uwa. Na ga ke ko hankalinki bai tashi ba. In yaron ga na da uwa, a ce ta zo ran Asabar."

Ya cire tabarau ya sa a kube. Masinja ya matso masa da takalma. Mutane suka fara miƙewa suna kakkaɓe riguna.

Asabar. Yau, gobe, sannan jibi. Ta tuna ranar da ya faɗa a kan murhu yana rarrafe, ta ga hannunsa a wuta ta tsaya cak, ta jira Gogo ta zo ta ɗauke shi, kowa ya yaba mata. Tabon yana nan a hannunsa har yau. Ta tuna yadda take zaɓa masa gindin ƙwarya inda mai ya taru, ta ba yaran maƙwabta su kai masa, kada a ce ita ta ba shi. Shekara ashirin da ɗaya tana sonsa ta bayan gida. Yanzu ga shi za ta bar shi ya mutu a kan buhunan auduga, kuma a ce Hawwa'u mace ce mai kunya.

Ta miƙe tsaye. Ba a tsayuwa a gaban alƙali, balle mace, masinja ya daka mata tsawa. Ba ta ji shi ba.

"Mahmuda!"

Muryar ta fito a shaƙe, sannan ta fashe ta cika soron. Kowa ya tsaya inda yake.

"Sunanshi Mahmuda. Ni na haihe shi. Ɗana ne, na hwari. Allah shi gafarta Malam, ba shi kai Asabar. Wallahi ba shi kai Asabar!"

Sai kukan da ta riƙe tun Litinin ya ƙwace mata, irin kukan da ba kyan ji, har da majina. Ɗaya daga cikin dattawan Barkiya ya ja bakin rawani ya rufe fuskarsa. Ko kunyarta ya ji ko tausayi, shi ya sani.

Alƙali ya dube ta, ƙafarsa ɗaya a cikin takalmi. Shi ma ɗan ƙasar ne, ya san abin da ta ajiye a gabansa. Ya zare ƙafar ya koma kan buzu, ya mai da tabarau.

"Rubuta," ya ce wa magatakarda. "Hawwa'u, uwar Mahmuda, ta kawo ƙara." Ya sa aka yi takarda biyu. Ta farko a buɗe ɗakin auduga na gidan Ɗanmaraya yau, kafin rana ta faɗi, a zo da mai gidan. Ta biyu sammaci ga Kofur Sabitu, ya bayyana ran Asabar tare da littafinsa. Ya ce a ɗauki 'yan doka biyu na cikin gari, a biya a kira Malam Kefas ya taho da akwatinsa.

Su a kan kekuna suka tafi. Aka ce Hawwa'u ta hau bayan keken masinja ta ƙi, ta yanke ta cikin gonaki tana sassarfa, ƙaya na kama mata zane. Da suka isa ƙofar gidan bayan la'asar, suka tarar da ita tana jiransu.

Ɗanmaraya ya fito yana fara'a, yana cewa a kawo wa baƙi ruwa. Da aka karanta masa takarda sai fara'ar ta bushe, ya ce mabuɗi ya ɓace. Ɗan doka ya karɓi taɓarya daga hannun Inna, wadda ta miƙa tun ba a tambaye ta ba, ya doki kwaɗon sau biyu.

Wari ne ya fara fitowa, sannan ƙudaje. Yana kwance a tsakanin buhuna, kansa naɗe da wani tsumma da ya manne da ciwon, leɓunansa sun tsage. Ba ya motsi. Malam Kefas ya durƙusa ya kama hannun nan mai tabon wuta, ya daɗe yana saurare.

"Da sauran rai," ya ce. "Amma ya yi nisa. A yi masa magana, in ya farka ya haɗiyi ruwa to muna da hanya."

Masinja ya duba takarda ya kira sunan da muryar aiki. Shiru. Ɗan doka ya sunkuya ya kira a kunnensa, ya girgiza kafaɗarsa. Shiru.

Hawwa'u ta ratsa tsakaninsu. Ga mutanen gida sun taru a ƙofa, ga na waje suna leƙe ta kan katanga, har da Kofur Sabitu a can baya ba hula. Ta zauna a ƙasa, ta ɗago kan ɗanta ta ɗora a cinyarta, abin da ba ta yi ba tun yana shan nono.

"Mahmuda," ta ce. "Mahmuda, tashi ka sha ruwa."

Fatar idonsa ta motsa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, ɗayan ya buɗe kaɗan ya yi ta yawo har ya tsaya a fuskarta. Ya daɗe yana kallonta, kamar mai son ya tabbatar daga ina muryar ta fito. Leɓunansa suka motsa, ta sunkuya.

"Adda," ya ce, da ƙyar. "Ashe kin san sunan."

Malam Kefas ya miƙo moɗa. Ta karɓa ta kai bakinsa, ruwan na zuba a wuyansa. Ya haɗiye sau ɗaya, ya sake haɗiyewa. Ba wanda ya tambaye ta, ba takardar da za a cika, amma ta sake faɗin sunan.